Hannu a Bangon Gidan Madugu

Babu gini a duk ƙasar Maraɗi da ya samu gata irin na gidan Madugu Tanko, domin tun ranar da aka kafa masa farin allo a bakin zaure, doka ta ɗauke shi daga hannun mutane ta ajiye shi inda lalacewa ba ta isa. Mushe Maliki, wato Malam Maliki a bakin 'yan boko, shi ne ya faɗi haka ranar bikin, da Faransanci tukuna, sannan da Hausa saboda tsofaffi, kuma duka biyun an tafa masa.

Maliki tattaɓa-kunnen Madugu ne. Ya yi karatun tarihi a jami'a a Yamai, kuma shi ya yi ta hawa da sauka har aka sa gidan cikin kayan tarihin da ba a taɓawa. Yana ƙaunar gidan ƙwarai. Daga unguwar Zariya yake ƙaunarsa, inda ya gina nasa na siminti mai na'urar sanyi, yakan kuma leƙo idan an yi baƙi.

Gidan yana bayan kasuwa, a matse tsakanin mai sayar da tayoyin babur da wani shago cike da buhunan shinkafa. Madugu ya gina shi da ribar goro da gishiri a shekarun da ruwan Gulbi ya kori gari ya hau tudu. Zaure ne babba mai bakan gizo, da zankwaye a bisa, sai tsakar gida, sai ɗakuna a jere waɗanda masu su suka watse, wasu Tibiri, wasu Jiratawa, wasu maƙabarta. Mutum ɗaya ta rage a ciki, Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifin Maliki, wadda ta dawo ɗakin uwarta bayan rasuwar mijinta ta ce daga nan sai inda ba a dawowa. Ranar bikin an zaunar da ita a kujerar gaba, an ɗauke ta hoto tare da allon. Ba wanda ya tuna ya karanta mata abin da aka rubuta a jiki.

Abin da aka rubuta ba shi da yawa: kada a ƙara wa ginin komai, kada a rage masa komai, sai da izini. Ba a hana gyara ba, an dai ce a nemi izini. Izinin kuwa yana zaune a wani biro, wato ofis, a Yamai, lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa ganin ya fito ba.

Gidan ƙasa kuma ba ya jira. Tun zamanin Madugu, idan zafin bazara ya kai inda kaji ke yawo da baki buɗe, dangi sukan hallara. Na Jiratawa su kawo jar ƙasa a amalanken jaki, a kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da ruwan makuba, a bar ta ta ruɓa. Maza su hau rufi, su gyara indararo, su yaɓe waje. Mata su shiga ɗakuna su yaɓe ciki da tafin hannu. Ba a kankare tsohon yaɓe, sabo ake ɗorawa bisa tsoho, shi ya sa ƙofofin gidan suke ƙara matsewa duk shekara har mai ƙiba ya koma shiga da gefe. Shatin yatsun kowace mace yakan zauna a bango shekara guda. Wadda ta rasu cikin shekarar, idan yaɓe ya zagayo aka shafe shatinta, sai a ce an rufe ta. Malamai sun ce wannan ba ya cikin littafi, kuma gaskiyarsu. Matan gidan ma ba su taɓa cewa yana ciki ba. Sun dai san sai an rufe mutum ake daina jin motsinsa a ɗaki.

A yaɓen bara Rabi ta zo daga Jiratawa kamar yadda ta saba. Ita ce 'yar farin Tsahara, wato 'yar da Tsahara ba ta taɓa kiran sunanta ba. Da yaye aka miƙa ta ga yayar ubanta, can ta girma, can ta yi aure, can ta haihu. Idan suka haɗu, Tsahara takan kalli gefen kafaɗarta ta ce, "An zo lahiya?" kamar mai gaida ƙofa. Idan ta kama dole a ambace ta, sai ta ce "ta Jiratawa". Haka ta ga uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kuma da haka ake gane uwa mai kunya.

Ranar, su biyu suka rage a ɗakin Tsahara, ana ƙarasa bangon da ke fuskantar gado. Rabi ta miƙe daga durƙuso, jiri ya ɗebe ta, ta dafa ɗanyen bangon da tafin hannu gaba ɗaya, ta tsaya haka tana jan numfashi. Tsahara ta gani. Tambaya ta taso mata har bayan haƙora. Sai ta juya ta dubi ƙwaryar laka ta ce, "Ruwan nan ya yi yawa." Rabi ta yi dariya ta ce zafi ne, ta fita wanke hannu, ba wanda ya koma ya shafe gurbin. Kafin gero ya shiga rumbu an binne ta. Tsahara ta je gaisuwa ta zauna bayan mata kamar maƙwabciya, idonta a bushe, kowa ya yaba mata.

Hannun ya zauna a bango, daidai inda idon mai kwance yake sauka. Tafi cikakke, yatsu a ware, ƙaramin a karkace tun ranar da taɓarya ta faɗa masa Rabi tana yarinya. Tsahara ta kwana ta tashi da shi duk rani. Ta haƙura, domin ta san bazara na tafe.

Bazara ta zo ta tarar allo ya riga ta.

Inusa, mijin marigayiyar, shi ya kawo ƙasa da kansa. Kafin ya kwance jakin, mai tayoyi ya kira Maliki a salula, domin an ɗora masa alhakin sa ido, kuma bai taɓa samun muƙami ba sai wannan. Tsahara tana bayan ƙyauren zaure lokacin da motar Maliki ta tsaya. Ba ta fito ba, uwa ba ta tsayawa gaban surukinta a titi.

"Inusa, mene ne wannan?"

"Ƙasar yaɓe ce, Mushe."

"Ka karanta allon nan?"

"Na dai gan shi. Ya yi kyau."

Maliki ya yi masa bayani cikin haƙuri, irin haƙurin da ya saba yi wa ɗalibai. Ya ce kowace laka da aka shafa tana binne shaida. Ya ce abin da danginsu suka shekara suna yi da kyakkyawar niyya, a idon ilimi ɓarna ce. Ya ce gidan yanzu patirimwan ne, wato gado na ƙasa baki ɗaya.

"To ko ɗaki ɗaya, Mushe. Bana dai ya kamata a yi."

"Me bana ta fi bara da shi?"

Inusa ya kalli zaure, ya hango gefen zane a ƙarƙashin ƙyaure, ya gane wadda ke tsaye. Ba a ɗauko zancen matar mutum a kunnen uwar da ta haife ta da fari. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi." Ƙasar dai ba ta koma Jiratawa ba, mai tayoyi ya roƙa aka cike masa ramin da ke gaban shagonsa. Labari ya zagaya dangi cewa gida ya zama na gwamnati, kuma tun da aka kafa duniya ba a taɓa jin an yi wa gwamnati gayya ba. Ba wanda ya zo.

Daga makon nan ta fara jin motsin. Ba da dare yake zuwa ba, da dare barci take yi kamar kowa. Da tsakar rana ne, idan kasuwa ta yi laushi, masu kabu-kabu suka fake inuwa, ɗakin ya yi duhu da sanyi irin na cikin randa. Sai ta ji shi: tafin hannu mai jiƙe yana tafiya bisa bango, daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya, ya sake. Can sai ya yanke, ta ji kamar ana jan numfashi da ƙyar. Ta ce gara ce. Ta duba, ba gara. Ta ce ƙadangare ne, ta zauna tana kallon bangon har la'asar, ba abin da ya gitta, motsin kuma bai fasa ba. Ta jingina tabarma ta kare hannun, kafin ta dawo daga alwala tabarmar ta zame ta kwanta a ƙasa. Ta juya gadon, sai ta ji abin a ƙeyarta, wanda ya fi muni. Ta mayar da shi yadda yake.

Ba tsoro take ji ba. Abin da take ji ya fi kama da na wanda ya bar baƙo tsaye a ƙofa bai ce masa ya shigo ba, bai kuma sallame shi ba.

Wata Talata Maliki ya zo da mai ɗaukar hoto, domin manyan baƙi za su zo daga Yamai da ƙasashen waje cikin damina, kuma ana son a san abin da za a nuna musu. Ya yi sallama ya shiga ɗakin gwaggonsa, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, domin yaro ne mai ladabi. Da zai miƙe fitilar salularsa ta haska bango.

"Subhanallahi. Gwaggo, wannan tun yaushe yake nan?"

"Ya jima."

"Hannun wa?"

"Na wata ɗiyar gida."

"Wace?"

Ta gyara ɗankwalinta. Mai hoto yana tsaye, baƙo ne, ɗan wani. Ta buɗe baki, harshen da ya shekara arba'in da wani abu yana kewaye sunan nan bai san hanyarsa ba. Maliki ya dubi shirun nata da tausayi, ya ɗauke shi mantuwar tsufa. Rabonsa da ranar yaɓe tun yana ƙaramin ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, saboda haka bai ga dalilin da zai hana hannu ya zauna a bango shekara tamanin ba. Kafin ya kai mota ya gano cewa hannun uwargidan Madugu ne, wadda ta yi wa gidan yaɓen farko. Kafin ya kai Zariya ya gano shekarar.

Bayan kwanaki kafinta ya zo da gilashi mai firam na katako, ya ɗaure shi a kan hannun da ƙusoshi masu murɗawa. Waɗannan ba su buƙaci izini ba, domin kariya ce, ba gyara ba.

"Maliki," in ji Tsahara, "bangon ga shina son yaɓe."

"Gwaggo, bangon nan ya fi mu daraja, ni da ke. Ke dai ki yi alfahari. A gaban tarihi kike kwana."

Aka fara kawo 'yan lakwal. Su shigo a layi, su gaishe ta, su ɗora tafukansu a kan gilashin su gwada da nasu, su yi dariyar karkataccen yatsan. Ita tana gefen gado tana jan carbi. Bayan sun fita sai ta goge shatin hannuwansu da bakin zane, ba tare da ta kalli abin da ke ciki ba.

Toma ne kaɗai ya kalla ya gane. Tsohon magini ne daga Tibiri, Bagobiri, Kirista, ubansa ne ya ɗaura bakan gizon zauren, shi kuma ya gaji jagorancin maza ranar yaɓe. Tare suka yi wasan ƙasa da Tsahara a tsakar gidan nan, kuma har yau ba su daina faɗa ba. Ya shigo kasuwa sayen igiya, ya biyo.

"Uwar gida, an ce kin zama kayan kallo. Na zo in gani tun ba a fara hana Gobirawa shiga ba."

"Da an hana da mun huta. Zauna, tsohon banza, ƙahwahunka sun kawo man rabin Tibiri cikin ɗaki."

Ya zauna yana dariya, ya karɓi furar da ta miƙa masa. Idonsa ya kai bango. Dariyar ta tsaya. Ya ajiye kwanon a hankali.

"Tsahara. Wanga ai ba na matar Madugu ba ne."

"Sha hurarka."

"Ni na ɗaure ma Rabi yatsan nan da tsumma ranar da taɓarya ta same shi, an kawo ta yaɓe. Bari in tahi wurin yaron nan in hwaɗa mashi. Ba mugu ba ne, karatu ne ya yi mashi yawa."

"Ka hwaɗa mashi mi? Ka ce gwaggonshi ta shekara kwance tana kallon hannun ɗiyar fari? Ya hwaɗa ma matarshi, matarshi ta kai gidan suna, a ce tsohuwar ta zubar da kunya da tsufanta?"

"Wa ya damu da wannan yanzu? 'Yan zamani har goya na farin suke yi su shiga kasuwa suna kiran sunansu."

"Su ne. Ni na riƙe abin nan tana da rai, Toma. In na sake shi yanzu, to don mi na riƙe?"

Ya ɗauki kwanon ya kurɓa. Rana ta take tsaka, kasuwa ta yi shiru. Tsahara ta ga ya ɗan karkata kai wajen bango.

"Ka ji?" in ji ta.

"Kunnena ya tsufa," in ji Toma, amma ya tashi ya koma bakin ƙofa da zama.

Ruwan farko ya sauka da iska. Rufin bai samu yaɓe ba, indararo biyu sun toshe, ruwa ya bi bango ya gangaro. Da gari ya waye tsakar gida cike take da ɓawon ƙasa, falle-falle kamar an fere rogo. Tsahara ta fito da tsintsiya ta tsaya. A ɗakunan da ruwa ya shiga, yaɓen bara ya zube, na bara waccan ya biyo shi, kuma a ƙarƙashi hannuwa sun fito. Ta san su. Ga na uwarta, mai jan laka da yatsu uku kamar tana tsefe kai. Ga na Inna Safiyatu mai gaggawa, wadda ba ta taɓa kai kusurwa ba. Ga wasu ƙanana can ciki da ba ta san masu su ba, sun riga ta zuwa duniya sun riga ta fita. Duk an rufe su da daɗewa, kowace a shekararta, ga shi an yaye musu.

Maliki ya zo ya gani, ya ce abin takaici ne, amma ta wani gefen abin farin ciki ne, domin gidan da kansa yana buɗe tarihinsa. Ya ce zai sake tuna wa Yamai. Ya kuma sanar da ita cewa baƙi za su iso ranar Asabar.

Daga ranar, tsakar rana ta daina zama ta hannu ɗaya. Daga kowane ɗaki shafa take tasowa, a hankali, ba hayaniya, irin ta matan da suka san aikinsu. Tsahara takan zauna a tsakiyarsu kamar wadda ta zo gayya ta ƙi sa hannu. Na sauran bai dame ta sosai ba, sun yi zamaninsu, an taɓa yi musu abin da ya kamata. Na ɗakinta ne kaɗai yake tsayawa ya ja numfashi.

Ta aika wa Toma ta bakin wata mai kai garin kuka Tibiri. Saƙon gajere ne: ya zo Juma'a, da abin da ya sani.

Ya zo a bayan kabu-kabu da buhu a cinya, ɗaure kamar na gero, daidai lokacin da liman ya hau mumbari. Kasuwa ba kowa, mai tayoyi ya tafi masallaci da muƙaminsa.

"Ranar da Allah Ya yi arnen Tibiri ya yi amfani," in ji Tsahara.

"Ki dai gode ba Lahadi ba ce."

Lakar da ke cikin buhun ta ruɓa yadda ake so, warin makuba ya cika ɗakin, wari mai ɗaci da ta yi kewarsa ba ta sani ba. Toma ya murɗe ƙusoshin da bakin wuƙa, ya sauke gilashin ya jingina a gado. Ya ɗebo laka zai shafa, ta riƙe masa hannu.

"Ciki na mata ne."

Ya ja da baya. Ta yayyafa wa bangon ruwa. Ta tsaya gaban hannun, karo na farko tana kallonsa ido da ido, har ta ga layukan tafin, da inda yatsun suka ɗan zame ƙasa lokacin da ƙafa ta gaza. Toma ya ce bari ya duba indararo, ya fita, ya yi ta tari a tsakar gida fiye da yadda ƙirjinsa ke buƙata.

"Mi ya same ki?" in ji Tsahara. Muryarta ta fito kamar ta aro. "Ina ke maki ciwo, Rabi?"

Ta ɗebo laka ta fara daga ƙasa zuwa sama, ta cike tafin, ta cike yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta bar ƙaramin a ƙarshe, sannan ta shafe duka har ya yi sumul. Ta saurara. Can ɗakunan da ruwa ya ci ana nan ana ta shafa. Nan kuwa ba komai, sai ƙuda ɗaya da ya biyo warin laka. Ta zauna a bakin gado, hannuwanta a cinya, laka na bushewa a kansu.

A haka Maliki ya same su. Daga masallaci ya biyo, cikin babbar riga mai sitaci, don ya tabbatar komai na nan kafin gobe. Ya dubi gilashin a jingine, ya dubi ɗanyen shafe a bango, ya dubi Toma. Bai ɗaga murya ba, gaban gwaggonsa yake.

"Baba Toma, ka san abin da ka yi? Wannan laifi ne a doka. Sunanka zan kai."

"Ni na yi," in ji Tsahara. "Shi ƙusa kawai ya kwance."

"Gwaggo, don Allah, me ya sa? Mutane sun taso tun daga Yamai saboda hannun nan. Na faɗa musu, na rubuta, ministoci sun ji labari. Gobe in nuna musu me? Laka?" Ya matsa kusa, ya taɓa gefen shafen da yatsa. Fuskarsa ta ɗan saki. "Bon. Bai bushe ba. Na ƙasa ya shekara da tauri, ba zai narke da wuri ba. A samo mini ruwa da soso, a hankali za mu wanke na saman, zai fito."

Ya fara naɗe hannun rigarsa. Da gaske yake, kuma Tsahara ta san zai iya, domin tun yana yaro in ya sa kansa abu sai ya gama.

"Maliki."

"Na'am, Gwaggo."

"Hannu kake so?"

"Hannun nake so."

Ta tashi. Gwiwarta ta yi ƙara. Ta tsoma hannun dama a ruwa, ta ware yatsu, ta dafa ɗanyen bangon daidai wurin, ta danna da nauyinta duka, kaɗan da ya rage mata. Da ta janye, ga tafi cikakke, mai zurfi, kowane layi a fili.

"Ga shi nan. Ɗiyar gida ce ta yi shi, jikar Madugu. Kar ka taɓa abin da ke ƙasa. Kuma ka bar sunan tsohon nan inda ka gan shi."

Maliki ya tsaya yana kallo. Ya ja baya, ya matso, ya haska da salula. Mutum ne mai gaskiya, saboda haka ya ɗan yi jayayya da kansa, amma baƙin gobe ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin na farkon a cikinsu.

"Ya ma fi wancan fitowa," ya ce a hankali. "In ya sha iska zuwa safe launin zai daidaita." Sai ya juyo gare ta, don ya ga kamar ya ɓata mata rai, yana son ya gyara. "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Wannan kam na yi miki alkawari, har abada ba mai rufe shi."

"Na sani," in ji ta.

Toma ya dube ta. Ya matso kamar zai ɗauki buhunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Tsahara, in ranarki ta zo, wa za ya..."

"Riƙe mashi gilashin, ba ka ga shi kaɗai yake fama ba? Ya hwashe mu shiga uku."

Toma ya riƙe, Maliki ya murɗa ƙusoshin. Ita kuwa ta fita tsakar gida ta wanke hannunta a bakin randa, ta goge da zane. Sannan ta ɗauko tsintsiya ta dawo ta share ɓurɓushin lakar da ya zuba gaban gado, tunda gobe akwai baƙi.